Na Ukun da Ba a Rubuta Ba

An ɗauke wuta a Katmandu, dare ya raba.
Yamuna Thapaliya na lallaɓa ragowar caji,
gida dubu biyu da ɗari huɗu a kan allonta,
kowane gida layi guda:
irin murhu, shekarun yaro, kwanakin tari, awon ƙirji.

Lissafin ya fito sumul kamar an shafa masa mai.
Gidan da ya sayi murhu mai bututu,
tarin yaransa ya ragu da kashi talatin.
Shugaba ya ce, "Rubuta! Masu kuɗi na jiran Laraba."
Ta bar shayinta ya yi sanyi,
santsin abin bai kwanta mata ba.

Banza ba ta kai zomo kasuwa.
To wa ya kai murhun gidan?

Ta tuna Phulmaya, can saman tudu,
wadda ta sayar da akuya ta sayi nata.
Mace ce mai tafasa ruwa ko da itace ya yi tsada,
mai farkawa tsakar dare ta kasa kunne
ta ji yadda numfashin jariri ke shiga da fita.
Hannun da ya ɗauko murhun
shi ke lulluɓe yaro kafin raɓa ta sauka,
kuma takardar tambaya ba ta bar wa hannun nan gurbi ba.

Ta cire tasirin kuɗin da miji ke aikowa daga Doha,
ta cire rufin kwano, ta cire karatun uwa,
ta cire nisan asibiti.
Talatin ya rame ya koma sha tara, ya tsaya cak.
Saura na murhu ne? Ko na wani ne
da ke tsaye bayan labule, igiya biyu a hannunsa,
yana jan wannan, yana jan wancan,
mu kuwa muna cewa ɗaya ke jan ɗaya?

Da yaro na rayuwa sau biyu, da an huta:
sau ɗaya cikin hayaƙi, sau ɗaya babu,
a ajiye su gefe da gefe a auna.
Amma yaron da bai shaƙi hayaƙin ba
da wanda ya shaƙa, in mutum ɗaya ne,
ɗayansu bai taɓa zuwa duniya ba.

Da safe, Lokendra direba, yana goge gilashi,
ya ce, "Shekarar nan ai ban ƙetare kogi ba.
Damina ta zafto dutse a kan hanya,
murhunan rangwame duk a gabas na sauke."
Ta ce, "Maimaita."
Ya maimaita, yana mamakin abin da ya faɗa.

Dutse bai san uwa mai kula ba,
bai san mai sakaci ba.
Ya faɗo inda ya faɗo, ya raba mutane biyu
kamar ƙuri'ar da babu mai hannu a ciki.

Duk da haka ta buga wa ma'aikaciyar jinya:
"Hanyar da ta tare murhu, ba ta tare magani ba?"
"Alfadarai suka kawo mana," in ji ta, "sai dai a makare."
A makare. Ta rubuta wannan ma,
ba ta ɓoye shi a ƙasan shafi ba.

Amsar da ta fito ba ta da kyan gani:
wani wuri tsakanin huɗu da sha biyar.
Shugaba ya juya takardar, ya ce, "Ina talatin ɗina?"
Ta ce, "Rabinsa na Phulmaya ne, ko fiye.
Ba mu muka saya mata ba."

Ranar Laraba ta aika da shi haka,
da faɗinsa, da ramukansa.
A can tudu hayaƙi na fita ta bututu,
wata uwa ta tsaya da wanke-wanke,
ta karkata kai wajen ɗaki,
ba ta ji komai ba.